Gafakar da Ruwa Bai Taɓa Ba

Ranar Juma'a ce, liman yana kan mumbari, mazan Ƙofar Kibo ta birnin Zariya duk sun tafi babban masallaci, sai hayaƙi ya turnuƙe daga gidan Malam Ya'u mai ɗinkin manyan riguna. Mata ne suka fara gani, su suka yi kururuwa, su suka kira 'yan kwana-kwana.

Isma'ila ne shugaban ayarin da ya fito. Mutum ne da ya yi furfura a aikin, ba ya yawan magana, dariyarsa kuma sai an tona. Motarsu ta tsaya tun daga bakin titi, domin lungun ya ƙi ta. Da can lungun nan yana ɗaukar mota. Wannan ya ciro baranda, wancan ya kafa shago, wani ya haƙa masai a hanyar jama'a, yau ko kurar ruwa sai ta karkace take wucewa. Haka muke. Mu toshe hanya da hannunmu, ranar gobara mu zagi wanda ya makara.

Suka jona tiyo da tiyo, suka ja a kafaɗa. Ɗakin da ke ci shi ne shagon ɗinki da ke jikin zaure, ginin ƙasa mai rufin azara. Binta, mai suyar awara a bakin lungu, ta cafke hannun rigar Isma'ila.

"Yallaɓai, Malam yana ciki! An yi masa aikin ido, likita ya hana shi fita. Iyalinsa kuma sun tafi suna."

Isma'ila ya jiƙa tsumma ya rufe hanci ya kutsa. A ɗakin da ke bayan shagon ya same shi, tsoho da auduga a ido, yana rarrafe wajen da wutar take, yana tsammani ƙofa ce. Ya saɓo shi a kafaɗa kamar buhun dawa ya fito da shi.

Da wuta ta mutu, ya yi abin da yake yi kullum. Gobara munafuka ce, takan kwanta a rami ta jira a watse. Ya bi ɗakin kusurwa kusurwa, yana cusa hannu a kowace kafa yana jin zafi. Ya cusa hannu har gwiwa a alkuki, ramin ajiya da ke jikin bangon gabas. Babu komai ciki sai toka da ruwa ya dama. Ya fito ya ce kada kowa ya shiga, azarar ta ci wuta, ginin ya sha ruwa.

Kafin nan maza sun dawo daga masallaci. Sai wani ya tuna cewa jiya-jiyan nan Audu mai gyaran lantarki, Kirista mutumin Wusasa, yana ja wa Malam wayar sola. Audu da kansa ya taho a kan babur da ya ji labari, don ya taimaka da kwasar kaya. Matasa suka yi masa ca. Da ƙyar 'yan sanda suka zare shi suka tafi da shi caji ofis.

Washegari da hantsi Isma'ila ya dawo don binciken musabbabin gobarar. Tun daga nesa yake jin kabbara. Lungun ya cika maƙil, kowa ya ɗaga waya sama. Ya tambayi wani dattijo me ake ciki.

"Ba ka ji ba? Karama! Komai ya ƙone, amma Alƙur'anin kakan Malam Ya'u yana nan a alkuki, ko gefe wuta ba ta lasa ba!"

Ya ture mutane ya shiga. Ga shi nan kuwa, rubutun hannu a cikin jar gafaka, zaune daram a alkukin gabas. Ba wanda ya yarda ya motsa shi. Isma'ila ya duba bai taɓa ba. Fatar gafakar ba ta motse ba. Babu ɗigon ruwa a jikinta, alhali bangon nan shi da kansa ya yi masa wanka da tiyo. Toka tana ƙarƙashinta, babu ko ƙwaya a samanta.

Ya ja da baya. Shi musulmi ne, ya san Allah da ya sanyaya wuta ga Annabi Ibrahim ba zai gagara hana ta cin takarda ba. Amma hannunsa ya shiga alkukin nan jiya, kuma Allah ba ya bukatar a yi masa ƙarya don a girmama shi.

A bayansa ya ji wani saurayi yana cewa, "Kun gani ko? Audun nan, Littafin ya so ƙonawa, Allah ya kunyata shi. Wallahi in hukuma ta sake shi, mu ba za mu sake shi ba."

Nan Isma'ila ya gane abin ya tashi daga riguna ya koma kan ran mutum.

A caji ofis ya sami Sufeto Jibril, Bakano mai tumbi, abokin wasansa, yana shan shayi amma ba ya jin daɗinsa.

"Mai tiyo, ku Zage-zagi ko gobararku sai ta zo da ilimi," in ji Sufeto. "Ka ga yaran da suka fara taruwa a gindin darbejiya? Da yamma za su ninka. Ni ban tsare Audu don laifi ba, na tsare shi ne don kada a kawo mini gawarsa."

"Ku Kanawa ai ciniki kuka sani. Bari in gan shi."

Aka fito da Audu, leɓensa a kumbure.

"Me ka yi a shagon ranar Alhamis?"

"Waya na ja, ranka ya daɗe. Baba ya ce in an buɗe masa ido yana son haske sosai."

"Ka jona?"

"Da me? Batir bai iso ba. Bakin wayar yana nan a zaure na naɗe shi da salatif."

"Akwai jiƙaƙƙiya tsakaninka da Malam?"

Audu ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Rigar da mahaifina ya sa ranar aurensa a coci, Baba Ya'u ne ya ɗinka. Ni zan ƙona shi?"

"Ka san inda yake ajiye Alƙur'aninsa?"

"Kowa ya sani. Da zan buga ƙusa kusa da alkukin, sai da na kira Sagiru ya ɗauke shi tukuna. Ni ba na taɓawa. A Zariya aka haife ni."

"Wane ne Sagiru?"

"Ɗan ƙanen Baba. Shi ke riƙe da shagon tun da idon Baba ya yi yana."

Isma'ila ya koma Ƙofar Kibo. A zaure ya ga bakin wayar rataye, naɗe da baƙin salatif, ba ta haɗe da komai ba. Wayar da lantarki bai taɓa bi ba ba ta tada gobara. Kuma mutumin da ya kwana a bayan kanta ba shi ya shigo da safe ya ajiye gafaka ba. Ya cire Audu daga lissafinsa.

Ya durƙusa a shagon ya karanta bango. Wuta tana barin sawu kamar ɓarawo. Baƙin ya faro ne daga ƙasa, daga inda babban akwatin riguna yake, ya buɗe yana hawa sama. Ya ɗebi ƙasar wurin ya sansana. Kananzir. Ya sa sanda ya ɗaga tarin da ya zama gawayi. Tufa in an ninke ta an danne, wuta gefe take ci, ba ta kai ga ciki. A tsakiyar tarin ya zaro guntun gaban riga, fari fat, da aikin aska takwas a jikinsa. Ya ninke ya sa a aljihu.

Sa'an nan ya tsaya ya yi wa kansa tambaya. Wani ya fitar da Littafin kafin ya zuba kananzir, ya mayar da shi bayan wuta ta mutu. To a ina Littafin ya kwana? Ɗan birni ba ya tura Alƙur'ani ƙarƙashin gado. Ba ya cusa shi a buhu, ba ya ɗora komai a kansa. Dole wuri mai tsarki, dole sama. Kuma inda ba wanda zai yi mamakin ganinsa. Ya juya ya dubi ƙaramin masallacin unguwa da ke kallon gidan.

Ya fara biyawa wajen Binta. Tana ganinsa ta ja kaskonta baya.

"Yallaɓai, in wutata ake zargi, ga murhuna nan, ga gidan can. Sai dai in ƙafa gare ta."

"Ba wutarki ba ce, daga ciki ta tashi. Idonki nake so. Wa ya rage a lungun nan bayan maza sun tafi?"

"Ni da awaki."

"Sai wa?"

Ta juya awara a kasko. "Sai Malam Sagiru. Na gan shi yana alwala a ƙofar gida, ya koma ciki. Can kuma na ɗaga kai na gan shi yana kulle ƙaramin masallaci. Har na yi masa tsiya, na ce Malam Sagiru, Juma'ar ta dawo nan ne? Ya ce carbinsa ya manta."

"Ana barin masallacin a buɗe?"

"Ranar Juma'a? Kullewa suke, saboda ɓarayin agogo."

Ladanin masallacin, Malam Zulkiflu, tsoho ne mai rawar murya. Isma'ila ya same shi shi kaɗai yana kaɗe tabarmi. Suka gaisa har da tambayar iyali da gajiyar jiya.

"Malam, mabuɗin nan hannun wa da wa yake?"

"Ni da Sagiru. Shi ke shara."

"Kai ina kake lokacin gobara?"

"Tun hantsi muka tafi da liman. Sahun farko nake zama, kowa shaida ne."

"Da kuka dawo, ka ga wani baƙon abu a nan?"

Tsohon ya ci gaba da kaɗe tabarmar da ta riga ta kaɗu.

"Malam, akwai mutum a caji ofis da ake wasa wa wuƙa."

Ladan ya zauna. Ya nuna saman kantar da ake jera Alƙur'anai. "Da La'asar na ga jar gafaka a can sama. Na san ta, ta gidan Ya'u ce. Na ce alhamdu lillahi, wani ya tsamo ta daga wuta. Bayan sallar Asuba na duba, babu. Rana na fitowa na ji kabbara."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ɗana, wa zai tsaya gaban mutane suna kabbara ya ce musu ƙarya ne? Sai su ce na tsufa na kafirta."

Isma'ila ya juya ya fita. Mutumin da ke ɗaga murya sau biyar kullum yana kiran jama'a zuwa ga tsira, yau muryar ta maƙale a inda ake bukatarta. Irinsa suna da yawa, kuma ba su ɗauki kansu masu laifi ba.

An sauke Malam Ya'u a zauren maƙwabcinsa. Isma'ila ya kira Sufeto a waya, ya sa aka nemo Sagiru. Kafin su iso, ya durƙusa ya gaida tsohon, ya sa masa guntun rigar a hannu.

"Baba Malam, ga abin da ya tsira daga akwati."

Tsohon ya shafa gaban aikin. Ya juya bayansa, ya bi da ɗan yatsa a hankali, ya sa farce ya ɓantaro wata farar takarda da ke manne da yadin.

"Wannan ba daga akwatina ba."

"Daga tsakiyarsa na ciro."

"Allurar hannu tana numfashi, yaro. Wani ɗinkin ya fi wani tsawo, ko da ƙanƙane. Wannan kuwa duk kansu ɗaya, kamar haƙoran zarto. Ga kuma takardar da suke mannawa kafin inji ya hau. Aikin kwamfuta ne." Ya ɗaga guntun rigar sama. "A gidana? Da sunana?"

Daidai nan Sagiru ya yi sallama, Sufeto a bayansa. Magidanci ne mai tsabta, da tabon sujada a goshi, idanunsa sun yi ja kamar wanda bai runtsa ba. Ya durƙusa nesa da baffansa.

"Malam Sagiru," in ji Isma'ila, "a ina ka yi Juma'a?"

"Babban masallaci. Na makara, a waje na samu."

"Me ya makarar da kai?"

"Carbi na manta a ƙaramin masallaci."

"Ka yi alwala a ƙofar gida, sa'an nan ka koma ciki. Mai alwalar Juma'a gaba yake yi. Me ka koma ɗauka da sai da tsarki ake taɓa shi?"

Sagiru ya ce, "Ban gane ba."

"To bari in gane maka. Jiya bayan wuta ta mutu na sa hannuna a alkukin nan, babu komai. Yau ga gafaka a bushe, toka a ƙarƙashinta, babu a kanta. Wanda ya zuba kananzir ya san abin da ke alkuki, kuma zuciyarsa ba ta iya barinsa ga wuta ba. Da ɓarawon waje ne, ko mai ƙiyayya da Littafin kamar yadda yaran can suke faɗa, da bai tsaya ɗaukarsa ba. Wanda ya yi wannan, mai alwala ne. Ya kai shi inda ya san ba za a wulaƙanta shi ba, saman kanta a masallaci. Ladan ya gan shi da La'asar, ya rasa shi bayan Asuba. Masallacin a kulle yake, mabuɗi biyu ne, ɗaya yana sahun farko a aljihun ladan. Abin da ya rage mini shi ne dalili. Yanzu Baba Malam ya karanta mini shi da yatsa."

Sagiru ya dubi guntun rigar a hannun tsohon. Sai ya kifa kansa a ƙasa.

"Baba, aiki ya yi yawa. Riga ɗaya sai ta ci watanni, yara sun daina zama su koya, masu riguna suna ta sintiri. Na kai ɗaya wajen masu inji, ba wanda ya gane. Na kai ta biyu. In ka ce a kawo ka taɓa, sai in miƙo maka tsohuwar da ka yi da hannunka. Ranar da aka yi maka aiki ka ce abin da za ka fara kallo in an buɗe idonka shi ne akwatin nan. Na kasa barci, Baba. Kunyar idonka na ji."

"Kunyar idona," in ji Malam Ya'u.

"Na ɗauka akwatin kaɗai za ta ci. Ginin ƙasa ne. Wallahi ban zaci za ta kama azara ba."

"Me ya sa ka mayar da Littafin?" Sufeto ya tambaya.

"Jiya Baba bai yi kukan riguna ba, bai yi kukan ɗaki ba. Alƙur'anin kakanmu kawai yake kira. Na kasa jurewa."

"Da ka ji ana cewa Audu ne fa?"

Sagiru ya rufe fuska da tafin hannu. Shirun da ya yi ana zargin Audu shi ne mafi munin abin da ya aikata, kuma duk wanda ke zauren ya san haka.

Malam Ya'u ya juya fuskarsa mai auduga wajen da numfashin ɗan ƙanensa yake fitowa.

"Sagiru, ni na koya maka alwala. Ka yi ta daidai, na tabbata. Ka wanke hannu, ka ɗauki Littafi da ladabi, ka kai shi sama. Sa'an nan ka dawo ka kunna ashana, ni ina kwance a bayan bango. Ka sauke Littafin nan a gabana tun kana yaro. A wane shafi ka ga an fifita takardarsa a kan ran da ya ce kada a kashe?"

Sufeto ya dafa kafaɗar Sagiru, ya ce su fita ta ƙofar baya.

"Saura na waje," in ji Isma'ila. "In ni na faɗa musu, za su ce ma'aikacin gwamnati ne, an saye shi."

"Kama hannuna," in ji tsohon.

Ya sa aka ɗauko masa gafakar, bayan ya yi alwala. Isma'ila ya riƙe shi suka fito lungu. Da jama'a suka ga Littafin a ƙirjinsa, kabbara ta tashi kamar za ta tsaga gari. Ya ɗaga hannu har aka yi tsit.

"Jama'a, ku sauke wayoyinku. Littafin nan bai ga wuta ba. A masallacin can ya kwana. Ɗana na cikin gida shi ya fitar da shi, shi ya sa wutar, shi ya mayar da shi. Audu ba ruwansa."

Aka yi gunaguni. Saurayin nan mai rantsuwa da safe ya ce, "Amma Malam, ai karama..."

"Kana neman karama? Ga ta nan riƙe da hannuna. Mutum ya shiga hayaƙi ya ɗauko tsohon da bai haɗa komai da shi ba. Jiya da ya fito, har da masu zaginsa wai sun makara. Wannan ba ku ɗauke shi hoto ba."

Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban ƙasa kamar ya yar da wani abu. Ba wanda ya ce a yafe masa. Mu ba mu iya wannan ba. Mun iya taruwa, mun iya watsewa.

Malam Ya'u ya ce a kai shi caji ofis wajen Audu. Isma'ila ya tuna masa likita ya hana shi shiga rana da ƙura.

"Likita bai san abin da ke wuyana ba. Mu je."

Suka bi lungun a hankali, suna ƙetare taɓon da ruwan jiya ya bari. Da suka kusa titi, Isma'ila ya ce, "Baba Malam, ko ba komai Littafin ya tsira. Jiya shi kake kuka."

Tsohon ya gyara riƙon gafakar.

"Na yi kuka, kuma na yi wauta. Da ya ƙone, akwai alarammomi a birnin nan da za su zauna su rubuto shi daga ka, ba wasali ɗaya da zai ɓata. Da yaran nan sun kai ga Audu fa? Wa zai rubuto mana wani?"